Otter, Lost Coast, West Coast ko Kudancin Tasmaniya: Wace Gaɓar Teku Ce Daidai Ƙafarka?

Duk wanda sha'awar tafiyar ƙafa a gaɓar tekun da babu gari babu titi ta fara kamawa, abin da yake fara dubawa shi ne tsawon hanya. Ya ga an rubuta kilomita 40, sai ya ce ai wannan tafiyar yini biyu ce, har da hutun rana. To ba haka abin yake ba. A bakin teku ƙafa tana nutsewa cikin yashi, tana zamewa a kan duwatsu masu santsi, ga kaya a baya. Wanda yake cin kilomita biyar a awa a kan kwalta, a nan in ya ci biyu ya yi ƙoƙari. Uwa uba, akwai wuraren da hanyar kanta take ɓacewa sau biyu a rana, saboda teku ya cika ya haɗiye ta.

Hanyoyi huɗu zan gwada da juna, waɗanda suka yi suna a wurin masu wannan harka: Otter a Afirka ta Kudu, Lost Coast a jihar Kalifoniya ta Amurka, West Coast a tsibirin Bankuba na Kanada, da South Coast a kudancin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. Ba zan tsaya a kan wadda ta fi kyau a hoto ba, don dukansu suna da kyau har mutum ya rasa ta cewa. Tambaya biyu na ɗora su a kai. Sau nawa ruwa zai tare maka hanya, kuma ta yaya? Sannan in ka yi targaɗe a rana ta uku, yaya za a yi ka fita?

Kafin mu shiga, sai an fahimci cika da janyewar teku, don wanda bai gane wannan ba babu hanyar da ta dace da shi a cikin huɗun. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da kamar minti 50. Wannan minti 50 ɗin shi ne ke sa lokacin janyewa yake matsawa gaba kullum. In yau ruwa ya ja baya da ƙarfe takwas na safe, gobe sai wajen tara saura, bayan kwana huɗu kuwa ya haura sha ɗaya. Wata ne ke jan ragamar abin, rana tana taya shi. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, cikar takan yi yawa sosai, janyewar ma ta yi nisa sosai. A kwanakin da wata yake rabi, bambancin yakan ragu. Saboda haka mai lissafin kwanan wata ya riga ya riƙe rabin ilimin, saura jadawalin wurin da za shi, wanda hukumomi suke bugawa da awa da tsawon ruwa.

Akwai wani lissafi da matuƙan jirgin ruwa suke amfani da shi wanda ya kamata mai tafiyar ƙafa ya haddace. Daga janyewa zuwa cika kusan awa shida ne, amma ruwan ba ya hawa daidai wa daida. A awa ta farko kashi ɗaya cikin sha biyu yake ƙaruwa, a ta biyu kashi biyu, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan ya sake lafawa. Wato rabin dukan ruwan a cikin awa biyun nan na tsakiya yake zuwa. Shi ya sa mutum zai duba ya ga teku can nesa kamar ba ya motsi, ya zauna ya ci abinci ya miƙe ƙafa, ya tashi ya tarar ruwa ya kai gindin dutse, gaba babu hanya, baya babu hanya.

Lost Coast ita ce ta fi kowacce dogara da wannan lissafi. Kilomita 40 ce daga Mattole zuwa Black Sands, kusa da ƙauyen Shelter Cove, kuma yawanci kwana uku ake yi. Dalilin da ya sa wurin ya zama ba kowa shi ne tsaunukan King, waɗanda suka miƙe daga bakin ruwa har ƙololuwarsu ta kai mita 1,246 a tazarar da ba ta wuce kilomita biyar daga teku ba. Masu shimfiɗa babbar hanyar gaɓar Kalifoniya da suka iso nan sai suka karkata ta cikin ƙasa, suka bar yankin yadda yake. A 1970 aka mai da shi yankin da gwamnati ke karewa. Hawa da sauka kusan babu a wannan hanya, wanda hakan ke ruɗin mutane su ɗauka sauƙi ce. Amma akwai wurare uku da ba a wucewa in teku ya cika: ɗaya gajere kusa da Punta Gorda, biyu kuma dogaye, kowanne ya haura kilomita shida, daga Sea Lion Gulch zuwa Randall Creek, da kuma daga Miller Flat zuwa Gitchell Creek. Shawarar hukuma ita ce a shige su ruwa yana ƙasa da ƙafa uku, wato kusan mita ɗaya, a jadawali. A gaɓar nan kuma janyewa biyun da ake yi a rana ba daidai suke ba, ɗaya takan fi ɗaya nisa, don haka akwai ranakun da janyewar da za ta ba ka hanya sai cikin dare take faɗowa. Wanda ya sayi izini kafin ya duba jadawali yana iya samun ranakun da babu yadda za a yi ya wuce da rana.

Sauran abubuwan Lost Coast masu sauƙin faɗi ne. Izini ana ƙayyade shi, mutum 60 a rana daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba, 30 a sauran shekara. Dole ka zuba abinci da duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki, a cikin wata gwangwani mai ƙarfi da dabbar beyar ba ta iya buɗewa. Akwai kaska, akwai macizai a cikin itatuwan da teku ya watso, akwai wani ɗan tsiro da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje in ya taɓa fata. Daga arewa zuwa kudu ake bi, don iska ta kasance a bayanka. A ranar farko za ka wuce tsohuwar hasumiyar fitilar Punta Gorda, wadda aka kunna a 1912 aka kashe a 1951, yanzu manyan dabbobin teku masu hanci kamar na giwa ne ke kwance a gindinta suna gurnani. Abin da ya fi cin rai a wannan gaɓa kuwa shi ne igiyar ruwan da ke zuwa ba sallama: teku yana kwance lafiya, sai guda ɗaya ta taso ta wuce inda sauran suke tsayawa, ta ɗebe mutum da jakarsa cikin ruwan da sanyinsa bai fi digiri 12 ba. Shi ya sa masu wurin suke cewa kada ka ba teku baya.

Otter daban take. Tsawonta kamar kilomita 45 ne, kusan ɗaya da Lost Coast, amma an raba ta kwana biyar, daga bakin kogin Storms zuwa Nature's Valley, a yankin Tsitsikamma. An buɗe ta a 1968, sunanta kuma daga karen ruwa ne da ke zaune a gaɓar. Mutum 12 kacal ake bari su fara a kowace rana, kuma a kowane zango akwai ɗakunan katako biyu, kowanne na mutum shida. Wannan ya sauke maka nauyin tanti, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai inda Lost Coast take shimfiɗe, Otter hawa da gangara ce tun safe har yamma: ka sauka zuwa bakin rafi, ka hau dutse, ka shiga kurmi, ka sake sauka. Gwiwa ce ke biyan kuɗin. Hukumar gandun dajin ƙasar tana neman takardar likita kafin a ba ka hanya, kuma mutane kan kama gurbi kusan shekara guda kafin ranar tafiya.

Duk labarin Otter a rana ta huɗu yake taruwa, a kogin Bloukrans. Daga ɗakunan Oakhurst zuwa bakin kogin kamar kilomita 10 ne, tafiyar awa huɗu ko fiye, kuma ana so ka iso daidai lokacin da teku ya janye. In janyewar ta faɗo da ƙarfe bakwai na safe, to da tocila a goshi za ka tashi tun cikin dare. In an yi sa'a ruwan iya gwiwa ne ko ƙugu. In an yi ruwan sama a tsaunuka, ko teku yana fushi, sai an yi iyo, a sa jaka cikin babbar leda a ɗaure a tura ta a gaba. Amma ga abin da ya sa nake fifita Otter ga sabon shiga: kafin kogin akwai hanyar fita da aka yi wa alama, wadda ke hawa sama zuwa inda ma'aikata za su iya ɗaukarka, kuma akwai irinta a wasu wurare a tsawon hanyar. Wato Otter ta tara haɗarinta wuri guda, ta gaya maka ranar da awar, ta kuma bar maka ƙofar da za ka ce na fasa. Lost Coast ta baza nata a tsawon kilomitoci, kuma a cikin wuraren nan masu haɗari mafakarka kawai bakin ƙoramu ne inda dutsen ya ɗan buɗe.

Saboda haka tsakanin biyun nan gajeru, ga yadda nake gani. Wanda bai iya iyo ba, ko ruwa mai zurfi yana firgita shi, amma yana da natsuwar zama da jadawali da agogo, Lost Coast ta fi masa. Wanda ya iya ruwa, yana da gwiwa, amma bai taɓa kwana a tanti ba kuma ba ya son ya zama shi ne mai yanke kowace shawara, Otter ce tasa. Akwai kuma batun abokan tafiya: a Otter mutanen nan goma sha biyu tare za ku kwana dare huɗu, ko kun saba ko ba ku saba ba. In an haɗa ka da mai minshari, sai haƙuri.

West Coast ta Kanada wani mataki ne sama. Kilomita 75 ce tsakanin Pachena Bay kusa da Bamfield da kogin Gordon kusa da Port Renfrew, kwana shida zuwa takwas. Asalinta ma ba don yawon buɗe ido aka yi ta ba. A watan Janairun 1906 jirgin ruwan Valencia, da ya taso daga San Faransisko, ya kuskure mashigar Juan de Fuca cikin mummunan yanayi ya daki duwatsu a wannan gaɓa. Mutum fiye da 130 suka mutu, 37 suka tsira, babu mace ko yaro ko ɗaya a cikin waɗanda suka tsira. Jirgin yana kusa da tudu, ana ganinsa, amma babu hanyar da masu ceto za su bi su isa. Shekarar da ta biyo baya gwamnati ta fara gyara tsohuwar hanyar wayar tangarahu ta zama hanyar ceton waɗanda jirgi ya kife da su. Ita ce ake bi yau, kuma tana ratsa ƙasar ƙabilu uku na asalin wurin, Huu-ay-aht da Ditidaht da Pacheedaht, waɗanda mutanensu suke cikin masu kula da ita.

Abin da ke bambanta ta da sauran shi ne tsani. Akwai jerin tsanuka na katako fiye da ɗari, wasu ka gama ɗaya ka tarar da wani a kansa, kana hawa da jaka mai kilo 18 ko 20 tana ja da kai baya, katakon kuma jiƙe. Wasu koguna da wani ɗan akwati da ke rataye a igiyar ƙarfe ake ƙetare su, ka zauna ciki ka ja kanka da hannu. A Nitinat da kogin Gordon kuwa jirgin ruwa ne ke ɗaukar mutane. Ruwan sama a wannan yanki ya haura mita uku a shekara, saboda haka taɓo da saiwoyi masu santsi su ne abokan tafiyarka a cikin kurmin, musamman a ɓangaren kudu inda kilomita biyar kan cinye yini guda. Sau da yawa hanya tana rabuwa biyu, ta kurmi da ta bakin teku, kuma ta bakin tekun sai ruwa ya sauka ƙasa da wani ma'auni ake binta. A Owen Point, misali, sai ƙasa da mita 1.8. Wannan zaɓi alheri ne: in teku ya hana, kurmi yana nan, ko da yake ya fi wahala.

Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba kawai ake buɗe ta. Kowa sai ya zauna an yi masa bayani kafin ya shiga, a ba shi taswira da jadawalin teku. Akwai beyar, da kyarkeci, da wani irin damisa na can, amma ba su ne ke fitar da mutane daga hanya ba. Zamewa ce, da karaya, da sanyin da ke shiga jiki in kaya sun jiƙe kwana da kwanaki. Duk shekara gomman mutane ake kwasowa, galibi ta jirgin ruwa, kuma in yanayi ya ɓaci sai a yi yini ana jiran masu ceto. A ganina West Coast ta fi kowacce wahalar da jiki a kowace kilomita, amma tsarin da aka kewaye ta da shi ya sa wahala ce da ke da masu kula. Ba ita ce ta kaɗaici ba: a zangon da ke gindin magangarar ruwan Tsusiat za ka iya tarar da tantuna da yawa jere a yashi. Mai tsoron tsayi kuwa ya manta da ita kawai, tsanukan ba su da hanyar kewayewa.

Ta huɗun ita ce wadda ba na ba kowa shawararta sai wanda ya riga ya yi irin waɗancan. South Coast kilomita 85 ce daga Melaleuca zuwa Cockle Creek, a cikin dajin kudu maso yammacin Tasmaniya da aka sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Babu titin da ke zuwa Melaleuca. Ƙaramin jirgin sama ne ke kai ka daga Hobart ya sauke ka a wani ɗan fili, ya juya. Daga nan babu ɗakin kwana, babu shago, babu titin da ya ratsa hanyar har ka fito a Cockle Creek, inda titin mota mafi kudu a duk Ostireliya ya ƙare. In abu ya faru a tsakiya, sai na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan Adam da jirgi mai saukar ungulu, shi ma in gajimare ya bari. Ba a hura wutar itace, da ɗan rishon gas ake girki. A Melaleuca ne wani ɗan aku mai ruwan lemo a ciki yake ƙyanƙyasa, ɗaya daga tsuntsayen da suka fi kusa da ƙarewa a duniya, kuma mai sa'a yakan gan shi kafin ya ɗauki jaka.

Ko da yake sunanta hanyar gaɓa, ranar da ta fi tsanani a kan dutse take. Tsaunin Ironbound sai an hau shi daga kusan daidai teku zuwa wajen mita 900, a sake gangarowa ta cikin kurmi mai taɓo a yini ɗaya, kuma iskar yamma da ke kaɗawa a wannan sashe na duniya ba ta da abin da ke tare ta. Ƙanƙara tana iya sauka a can sama ko a tsakiyar bazararsu, wato Disamba zuwa Maris. Kogunan Louisa da South Cape ba su da gada, in sun cika sai a kafa tanti a jira, kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake ɗaukar abincin da ya wuce lissafi. Ga matsattsaku, ga taɓon da wani wuri yakan kai cinya. Sai kuma New River Lagoon, inda aka ajiye kwalekwale a kowace gaɓa. Ƙa'ida ita ce ka bar ɗaya a kowane gefe don na bayanka. Wato ka tuƙa ka ƙetare, ka ɗauro na can ka dawo da shi, ka ajiye, ka sake ƙetarewa: sau uku ke nan. Mutum ɗaya shi kaɗai yakan sha wuya wajen jan kwalekwalen a yashi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kada a tafi ba aboki.

In aka zo batun nauyin kaya, lissafin a fili yake. Abincin yini na mai irin wannan tafiya yakan kai kusan kilo ɗaya in ba busasshe ba ne sosai. Kwana uku a Lost Coast kilo uku ne da nauyin gwangwanin beyar. Otter kwana biyar amma ba tanti. West Coast da South Coast kuwa abincin mako guda ne da ƙari, da tanti, da kayan ruwan sama na gaske. Ruwan sha ba matsala ba ne a dukansu, akwai ƙoramu, sai dai a tace ko a tafasa. A Otter da Tasmaniya za ka ga ruwan ja-ja kamar shayi, launin ganyaye da saiwoyi ne, ba datti ba. Wajen kuɗi kuma Tasmaniya ce ke da ƙarin kujerar jirgin sama, Lost Coast da West Coast suna da kuɗin motar da za ta mai da kai inda ka bar taka, don duk hanyoyin nan ba sa dawowa inda suka fara.

Da wani zai tsare ni ya ce in zaɓa masa, sai in tambaye shi abin da ya fi tsoro. In ruwa mai zurfi ne, Otter ta fita. In tsayi ne, West Coast ta fita. In kuwa abin da ke tayar masa da hankali shi ne a ce babu mai zuwa in ya kira, Tasmaniya ta fita, Lost Coast ma sai da aboki. Wanda bai taɓa yin ko ɗaya ba kuma babu ɗayan ukun nan da ke damunsa sosai, Otter zan tura shi, ya dawo ya yi West Coast, sannan mu yi maganar Melaleuca. Mai kwana uku kacal a hannu kuma, wanda yake son ya ji shi kaɗai ne da teku, ya ɗauki Lost Coast a watan Mayu ko ƙarshen Satumba. Sai dai ya buɗe jadawalin tekun Shelter Cove tukuna, ya nemo kwana uku a jere da ruwa ke sauka ƙasa da ƙafa uku tsakanin hantsi da la'asar, sannan ya je neman izinin waɗannan ranakun. Mai zuwa Otter shi ma ya gano ranar da za ta zama ta huɗu a tafiyarsa, ya ga ƙarfe nawa teku zai janye a bakin Bloukrans, kafin ya biya.